Sawun Mai Sanɗa a Shagon Milimita

Da safiyar Litinin Milimita ya buɗe shagonsa, ya tarar an yi masa abin da a wurinsa ya fi sata ciwo: an taɓa masa kayan aiki. Kwaɗo yana nan a kulle yadda ya bar shi ranar Asabar, amma akwatin dayinsa, zobban ƙarfen nan da yake yanka wa ƙusa haƙori da su don noti ya hau, yana buɗe a kan benci. Dayi biyu sun tashi daga aiki, haƙoransu sun ɓaɓɓalle. Sarƙar ɗaga kaya da ke rataye a bango tun zamanin da yayansa ke riƙe da shagon ita ma babu ita, sai shatinta a jikin fenti.

Ba banza ake kiransa Milimita ba. Mutum ne da ko washa, ɗan faifan nan da ake sa wa ƙusa kafin noti, ka zo saye sai ya tambaye ka me za ka ɗaura, nauyinsa nawa, a ina za ka rataya, kuma in amsarka ba ta gamsar da shi ba sai ka koma da kuɗinka. Tunda yake, ba a taɓa jin ya ce ya yi kuskure a aiki ba. Ihun da ya yi a safiyar nan kuwa, duk layin masu ƙarfe sai da aka ajiye guduma aka fito.

Ana cikin jajanta masa sai ga Baƙin-Mai, bakaniken manyan motoci, yana huci. Shi ma an ɗauke masa dogayen ƙusoshi huɗu na kan inji, waɗanda ya jiƙa a cikin kwanon gas a bayan rumfarsa.

Jama'a ba su wahalar da kansu da tunani ba. A layin nan, ko cokali ya ɓata sunan mai gwangwan ake fara kira, don shi ne ke yawo da buhu yana tsintar ɓaraguzan ƙarfe. Kafin ka ce me an riƙo shi, an zazzage buhunsa, sai ga ɓallin haƙorin dayi a ciki. Wani ya ce a kai shi wurin 'yan sanda, wani ya ce a fara taɓa lafiyarsa tukuna. Bawan Allah yana ta rantsuwa, babu mai sauraro.

"Ku dakata," in ji Baƙin-Mai, wanda duk da faɗansa yana da sauran imani. "A kira Ido-ƙasa."

* * *

Ido-ƙasa dattijo ne mai sayar da igiya a bakin layin. A ƙuruciyarsa sawun dabbobin sata yake bi, har ta kai in yana tafiya ba ya ɗaga kai, ka gaishe shi ya amsa wa takalminka. Shekarun baya ya bar komai ya zauna jinyar matarsa, wadda ta daɗe a kwance kafin Allah Ya karɓi abarsa. Tun daga nan ya rage magana, amma idon yana nan.

Ya tsaya a ƙofar shagon ya dubi ƙasa, ya girgiza kai. "Sannunku da aiki. Ɓarawo ya bar mini wasiƙa, kun taru kun yi rawa a kanta."

Gaban shagon duk an tattake. Sai a bayan benci, wurin bayis ɗin da ake matse ƙarfe, inda baƙin mai da garin ƙarfe suka haɗu suka zama kamar laka, nan ne sawu ya tsira. Ya durƙusa ya daɗe yana kallo. Silifas ne irin na kowa, amma rabin gaba kawai ya fito. Babu dunduniya ko ɗaya, don haka ba a iya gane girman ƙafar.

"Sanɗa yake yi," in ji Milimita a bayansa. "Ai ɓarawo dama sanɗa yake."

Ido-ƙasa ya ci gaba da dubawa. Ya ga an sa wani guntun bututu a hannun dayi don a ƙara masa tsawo, alamar mai aikin ba shi da ƙarfin murɗawa. A bayan shago ya tarar da tokar gawayi da wani bokiti mai baƙin ruwa. Sannan ya kwanta ya miƙa hannu ƙarƙashin benci, ya jawo ƙusa ɗaya daga cikin huɗun Baƙin-Mai. Ta yi baƙi kamar an tsamo ta daga murhu, an ƙara mata haƙora har kusan tsakiya, a karkace.

Milimita ya karɓa, ya juya ta a haske, sai fushin da ke fuskarsa ya koma wani abu dabam.

"Baba, wannan ba ɓarawo ba ne kawai, mai kisan kai ne bai sani ba. Ka ga ƙusar nan? Ta kan inji ce. A masana'anta ake murza mata haƙori, a ba ta tauri yadda ya kamata, daga nan kuma an gama, ba a sake yanka ta. Shi ya sa ta cinye mini dayi. Da ya ga ta ƙi, sai ya gasa ta ta yi laushi, ya yanka. To da nan ya tsaya ma da sauƙi. Sai ya sake gasa ta ta yi ja, ya tsoma a ruwan sanyi."

"Hakan me yake yi mata?"

"Ya mayar da ita kwalba. Ba ta lanƙwasawa ta yi maka gargaɗi, karyewa take yi farat ɗaya. Mai hankali in yana son dogon haƙori, rodi mai haƙori yake saye, mai ƙarfi, wanda aka yi shi haka tun daga kai har ƙasa, a yanko masa tsawon da yake so. Ga shi can jingine, ina da shi! Da tambayata aka yi..."

"Da ka tambayi me za a rataya," in ji Ido-ƙasa.

"Dole in tambaya mana!"

Dattijon ya dubi shatin sarƙa a bango, ya dubi ƙusar. Ƙusa uku da sarƙar ɗaga kaya sun tafi wuri ɗaya, kuma ba don ado aka kai su ba. Wani abu mai nauyi yana rataye a jikinsu yanzu haka, ko yana shirin hawa. Daga wannan lokacin ya daina neman ɓarawo don a hukunta shi. Nemansa yake yi kafin ƙarfen ya karye.

Milimita ya ɗaga guduma zai gwada masa, dattijon ya riƙe hannunsa. "Ajiye mini ita. Kar ka fasa tukuna."

* * *

Ido-ƙasa ya fara da mai gwangwan, wanda aka zaunar a kan tsohuwar taya, mutum biyu suna tsaye a kansa.

"Ina ka samu ɓallin nan?"

"A juji, Baba, bayan shagon, yau da sassafe. An share shara an zuba, na tsince. Wallahi ni in zan yi sata, me zai sa in fasa abu mai tsada in ɗauki ɓallinsa?"

"An share, ka ce?"

"Tas. Har da tsintsiyar a jingine."

Ido-ƙasa ya sa shi ya yi tafiya zuwa bakin rumfa ya dawo. Mutumin yana jan dunduniya kamar mai huɗar gona. Ido-ƙasa ya ce a sake shi, aka ce sai an samu wani a madadinsa, don jama'a in suka kama mutum ba sa son komawa hannu wofi.

Daga nan ya nufi wurin mai walda, wanda kowa ya san ba sa ga maciji da Milimita tun wata gardama a kan ƙofar ƙarfe. Shi ne kuma mai wasa da wuta a layin. Mai walda ya ɗaga baƙin gilashinsa ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ni? In bar gas ɗina in je in hura gawayi kamar mai gasa masara? Kuma ni ina ruwana da haƙori, Baba? Abu in ya ƙi ɗauruwa, liƙe shi nake yi har abada. Ka ce wa Milimita ina yi masa jaje, amma kar ya ji daɗi da yawa."

Maigadin layin kuma ya ce shi aikinsa na dare ne, Lahadi da rana barci yake a rumfa. Ya dai ji ana buge-buge a shagon tun hantsi har la'asar, ya ga hayaƙi, ya ɗauka Milimita ne ya zo aikin gaggawa.

"Buge-buge sosai?"

"Sosai. Har ya hana ni barci."

Ido-ƙasa ya koma ya tambayi Milimita wa ke da makulli bayan shi.

"Babu kowa. Sai Yaya, na tun da can. Shi kuwa ka sani, tun da ɓarin jikinsa ya shanye, iyakarsa daga gado zuwa kujera, da sanda."

"Ka taɓa ganinsa yana tafiya da sandar?"

Milimita ya ce, "Duk sanda na je a kujera nake samunsa, fes da shi, sandar a gefe. Ai yana samun sauƙi. Matar Yaya kullum haka take faɗa."

* * *

Rana ta take. Dattijon ya zauna a bencin mai abinci, ba don yunwa ba, don ya tattara hankalinsa. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Ɓarawo yana sanɗa lokacin shiga da lokacin fita, saboda tsoro. Wannan kuwa ya wuni yana dukan ƙarfe a kasuwar da babu kowa, ya hura wuta, ya yi shara, bai damu da a ji shi ba, amma ko sau ɗaya bai sauke dunduniyarsa ba. To wannan ba tsoro ba ne. Sabo ne.

Mai abincin ita ce matar yayan Milimita. Duk layin Inna suke ce mata, don yawancinsu a kan shinkafarta suka yi gemu. Tun mijinta yana da ƙarfinsa, lokacin da ake ce masa Katako saboda shi kaɗai yake ciccibar giyar mota ya aza a benci, take turo baronta da tukwane. 'Yarsu ɗaya ce, tana aure a nesa.

Ta ajiye masa kwano. Tafin hannunta na dama a naɗe yake da tsumma.

"Inna, me ya samu hannun?"

"Garwashi ne, Malam. Tsufa ya sa na fara mantuwa."

"Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

Ta juya za ta koma wurin tukunya, hannu ɗaya dafe da ƙugu. Ido-ƙasa, kamar kullum, ƙasa yake kallo. Ana ta hayaniya, mai walda yana ƙara, injin wuta yana ruri, amma Inna a kan yatsun ƙafa take tafiya, a hankali, kamar akwai wanda barci ya ɗauka yanzun nan a kusa.

Ya san tafiyar nan, don tasa ce. Wanda ya yi shekaru yana kewaya gadon majinyaci, yana tsoron kar motsinsa ya tashe shi daga barcin da aka samu da ƙyar, ƙafarsa ba ta sake koyon tafiyar mutane. Shi kansa har yau in ya shiga ɗakinsa, inda babu kowa sai shi, a haka yake shiga. Ya kuma san dafe ƙugun nan. Ya tuna yadda ake sa hannu ƙarƙashin hammata, a ja numfashi, a ɗaga, a yi murmushi don kar wanda ake ɗagawa ya ji ya zama kaya. Matarsa ba ta da nauyi, amma sai da ta bar masa ciwon baya. Ina ga Katako? Tausayinta ya kama shi, har ya kasa taɓa abincin.

"Inna," ya ce a hankali, "akwai abin da kike so ki faɗa mini? Daga ni sai ke."

Ta tsaya, ba ta juyo ba. "Babu, Malam. Ci abincinka kar ya huce."

Ya gane alkawari ta ɗauka, kuma irin matan nan ba a ɓalle musu alkawari da lallashi. In ya ce mata ƙarfen ba shi da kyau, za ta ɗauka dabara ce ta masu bincike. Sai dai ta gani da idonta, kuma yanzu.

* * *

Ido-ƙasa ya sa aka tara su a gaban shagon Milimita, daf da rumfar abinci: mai gwangwan da masu tsaronsa, mai walda, maigadi, Baƙin-Mai, da duk wanda ba a kira ba. Inna tana gefe tana kwashe tukunya.

"To Baba, wane ne?" in ji Baƙin-Mai.

"Ba mai gwangwan ba ne, ku ba shi buhunsa, ku kuma ba shi haƙuri. Ba mai walda ba ne, ba maigadi ba. Ban tara ku don in nuna ɓarawo ba, don ban ga ɓarawo ba. Wanda ya shiga shagon nan ya share shi kafin ya fita. A cikin ƙusoshin da ke kwanon Baƙin-Mai, ya bar na kusa ya zaɓi mafi ƙarfi. Da ya ga wuta ta sa sun yi laushi, ya ji tsoro, ya sake gasa su ya tsoma a ruwa, don ya sha jin ana cewa haka ake mayar wa ƙarfe taurinsa. Duk abin da ya rataya a jikinsu, abu ne da yake ji da shi."

Ludayin Inna ya daina motsi a cikin tukunya.

"Milimita, matse ta a bayis. Kar ka ɗauki babbar guduma. Ɗauki ƙaramar."

Milimita ya matse baƙar ƙusar, ya ɗauki 'yar gudumar da yake daidaita kwano da ita, ya ɗan ƙwanƙwasa. Ƙal! Rabin ƙusar ya yi tsalle, ya gangara har bakin rumfa. Ƙusar da ke riƙe kan injin babbar mota ta karye kamar alli.

Ludayi ya faɗi ƙasa.

"Yana ciki," in ji Inna. Muryarta ba ta fita sosai ba. "Na koya masa jan sarƙar da hannunsa mai lafiya. In rana ta yi yakan so ya koma kujera. Wayyo Allah, yana ciki yanzu!"

Milimita ya dube ta baki buɗe. "Matar Yaya? Ke?"

"Gudu za ka yi," in ji Ido-ƙasa, "tambaya daga baya."

* * *

Gidan ba nisa. Milimita, wanda ba a taɓa ganin yana gudu ba, shi ya riga kowa, Baƙin-Mai da mai walda suna biye, mai gwangwan ma ya yar da buhu ya bi su. Ido-ƙasa ya iso a baya tare da Inna, yana riƙe da gwiwar hannunta.

Ɗakin ba shi da silin. Wani kakkauran katako ya ratsa shi daga bango zuwa bango, an huda shi, an ɗaura faifan ƙarfe da baƙaƙen ƙusoshi uku, sarƙar tana rataye a jiki. A ƙarshenta, cikin wani majanyi da aka ɗinka da tamfol, Katako ne a sama, tsakanin gado da kujera, yana jan sarƙa da hannun hagu, gumi yana zuba, fuskarsa cike da jin daɗi irin na wanda ya yi wa kansa abu bayan ya daɗe ana yi masa. Ƙafafunsa suna reto, sun rame, sun zama kamar ba nasa ba. Sandar da ake jinginawa gefen kujera tana can bayan ƙofa, ƙura ta hau ta.

Da ya ga mutane a ƙofa, jin daɗin ya gushe. Ya yi ƙoƙarin jan zane ya rufe ƙafafun, sarƙar ta girgiza, wani abu ya yi ƙara a sama.

Milimita bai yi sallama ba. Ya shiga ƙarƙashinsa ya rungume shi, Baƙin-Mai ya tallafi ƙafafu, mai walda ya zare ƙugiya. Suka ɗora shi a kujera. Sai a lokacin Milimita ya ji nauyin yayansa a ƙugunsa, ya juya ya dubi 'yar matar nan da ke tsaye a bakin ƙofa dafe da bango, ya lissafa safiya da maraice na duk watannin da suka wuce. Idonsa ya kawo ruwa.

"Wa... ya kira ku?" Maganar Katako tana fita da ƙyar, ta gefen baki.

Ido-ƙasa ya ja Inna gefe, ta faɗa masa a gurguje, tana share ido da gefen mayafi. Mijin ne ya sa ta rantse kar wanda ya san ba ya iya tsayawa, musamman ƙaninsa, wanda shi ya goya, shi ya koya masa riƙe sifana. In za a zo gaishe shi sai ta ɗaga shi ta shirya shi a kujera tun kafin a iso. Makon jiya bayanta ya riƙe tana cikin ɗaga shi, suka zube tare, suka daɗe a ƙasa. Ƙusoshin da ta samu haƙorinsu a baki kawai yake, noti ba ya kaiwa ga katako, dole a ƙara. In ta je wa ƙanin mijinta, sai ya tambayi me za a rataya.

"Shi kuma mijin naki me kika ce masa?"

"Na ce ƙaninsa ne ya yanka, ba tare da na gaya wa ƙanin na mene ne ba. Da ya ji haka bai ko duba ba. Ya ce aikin yaron nan ba ya buƙatar dubawa."

Milimita yana jin su. Ya hau kujerar katako, ya taɓa ƙusar farko da sifana, ko juyawa bai yi ba kanta ya ɓalle ya faɗo a kan katifa.

Katako ya dubi guntun ƙarfen, ya dubi ƙaninsa. "Kai... ka yi wannan?"

Duk wanda ke ɗakin ya san Milimita. Mai walda, da ya yi shekaru yana jiran ranar da zai ji shi ya amsa kuskure, ya sunkuyar da kai.

"Ni ne, Yaya," in ji Milimita. "Gaggawa na yi. Na yanka haƙori a kan ƙusa mai tauri, na kuma ɓata ta da wuta. Shi ya sa na zo in canza kafin ta ba ni kunya."

Ya aika mai gwangwan shago ya ɗauko rodi mai haƙori, da manyan washa, da noti bibbiyu. Mai walda ya je ya ƙaro wa faifan kauri, bai ko tsaya yi wa kowa gori ba. Baƙin-Mai ya riƙe tsani. Da aka gama, Milimita ya sa Baƙin-Mai da mai walda suka rataya a jikin sarƙar tare, suna lilo kamar yara, sannan ya ce ya yarda.

Duk wannan aikin Katako bai kalle shi ba. Ya sa an miƙo masa guntun baƙar ƙusar, yana murza ta tsakanin yatsunsa, yana bin haƙoran da babban yatsa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana wannan sana'a ba a yi masa ƙarya a kan hannun ɗalibinsa. Ya ɗaga kai ya nemi matarsa.

"Zo."

Ta matso. Ya kama hannun nan mai tsumma, ya warware shi a hankali da hannu ɗaya. Tafin duk ya ɗuri ruwa, wasu wuraren sun fashe, shatin bututu ya kwanta a kai. Ya daɗe yana kallo.

"Wanda ya yanka wannan," ya ce, kalma ɗaya bayan ɗaya, "ya riƙe dayi... a karkace. Ba a koya masa ba." Ya ɗora hannun a kan ƙirjinsa ya rufe da nasa. "Na yi miki nauyi."

"Ka yi," in ji Inna, tana kuka tana dariya. "Tun kana saurayi ka cika ci."

Milimita ya sauko daga tsani yana goge hannu. "Matar Yaya, kin cinye mini dayi biyu, don haka hukuncinki ke nan: daga yau safe da yamma ni ke ɗaga shi, ke ki tsaya ki ba da umarni. Yaya, in ka ƙi, sai ka tashi ka kore ni."

Katako ya harare shi da ido ɗaya. Bai ce a'a ba.

Suka gwada sabuwar sarƙar, ya mayar da kansa gado da hannunsa, suna tsaye kusa ba tare da sun taɓa shi ba. Gajiya da abin da ya faru suka taru, kafin a gama tattara sifanu barci ya ɗauke shi, hannun matarsa yana cikin nasa. Inna ta ɗora yatsa a baki.

Ido-ƙasa ne ya fita a ƙarshe. A tsakar gida, inda aka yi shara da safe, ya tsaya yana kallon ƙasa kamar yadda ya saba. Ga sawun shigowarsu, manya-manya, dunduniya ta nutse saboda gudu. Ga kuma na fita a gefensu: takalmin Baƙin-Mai, na mai walda, silifas ɗin mai gwangwan, da na Milimita, duk rabin gaba kawai, har bakin ƙofa. Ya goge idonsa da bayan hannu, ya ja ƙyauren a hankali, ya bi su.